Tambaya da Faɗuwar Gaban Idrisu

Duk mai sammako a unguwar Ganu ya san takun Tambaya 'yar Jatau. Shekara talatin, ana sallame asuba take fitowa, fararen takalman roba a ƙafa, bokitin ƙarfe a hannu, ta miƙe hanyar asibitin nan da mutanen Paraku suke kira Gindin Maɗaci. Kafin rana ta ɗaga ta share ɗakin jira, ta wanke tasoshin marasa lafiya, ta ɗora tukunyar dafa allurai a kan risho. A takardar gwamnati aikinta ke nan, mai shara. Da wannan suna aka ɗauke ta shekara guda bayan samun mulkin kai, ƙasar tana amsa sunan Dahome, da shi kuma aka sallame ta a watan da ya wuce.

Amma da ƙarfe takwas ta yi, sai ta jingine tsintsiya, ta wanke hannu har gwiwa, ta je ta tsaya a bayan kafaɗar likita. Nan ne aikinta na gaskiya, wanda ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba. Likitocin da ake turo mana, in ba Turawa ba to 'yan kudu ne, Faransanci suke ji sai yarensu. Masu jiran layi kuwa ga Bahaushe, ga mai Dendanci, ga mai Baribanci, ga Bafulatanin da ya kwana biyu a hanya. Tambaya tana jin su duka. Hausa ta sha a nono, Dendanci a kasuwa, Baribanci a gidan maƙwabta, Fulatanci a bakin makiyayan da ke kawo wa ubanta shanu, don Jatau mahauci ne. Faransanci kuma tsintarsa ta yi a gidan wata Baturiya da ta yi wa raino. Ba ta karatu, ba ta rubutu. Amma duk ciwon da ya shiga ɗakin nan ta bakinta yake bi kafin ya isa kunnen likita, duk magani kuma ta bakinta yake dawowa.

Ni goro nake sayarwa a ƙofar asibitin, daga inda nake zama kuwa ana hango tagar ɗakin likita. Na ga ranar da wata Bafulatana ta kawo jaririnta na fari, aka tambaye ta sunansa ta sunkuyar da kai ta yi shiru, har anfirme, mai taimaka wa likita, ya fara cewa sato shi ta yi. Tambaya ce ta ce masa kunya ce, ba ta faɗin sunan ɗan fari ko da wuƙa a wuyanta, a tambayi ƙanwarta da ke waje. Na ga yadda take raba wa tsofaffi ƙwayoyi da lokutan salla, wannan bayan asuba, wannan bayan azahar, tunda ƙarfe kaza ba magana ba ce ga wanda bai taɓa ɗaura agogo ba. Waɗannan kowa ya san su. Abin da nake so in faɗa shi ne na Idrisu mutumin Zugu, wato Djougou a bakin 'yan lakwal, masu karatun boko. A rayuwata na ga ɗan maraƙi mai kai biyu a ƙauyen Onkulu, na ga dunƙulen gashi kamar ƙwallo da aka ciro daga tumbin saniya, amma wannan ne kaɗai har yau in na tuna shi tsikar jikina ke tashi.

Daminar 1978 ce, zamanin juyin juya hali da kowa ya koma kamarad, har mai goro. Likitan lokacin, Lokotoro Dosu, ɗan kudu ne, matashi mai ƙoƙari, amma shi kaɗai ne a kan mutum tamanin kullum. Wata Litinin layi ya kai har gindin bishiyoyi, sai ga wani ƙaton mutum ya shiga yana duƙar da kai a bakin ƙofa. Idrisu ke nan. Sana'arsa kamun shanu a kara. In bijimi ya tsinke igiya a kasuwar Partago ya watsa jama'a, shi ake kira, ya tare shi, ya cafki ƙaho, ya murɗe wuya har sai ya kai shi ƙasa.

Tambaya ta ce, "Malam, me ke damunka?"

Ya ce, "Gabana ne ke faɗuwa."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan layya. In na sunkuya sai ya faɗi. Wani lokaci har duhu ya rufe min ido."

Ta juya ga likita ta ce, "Il a peur, docteur." Wato tsoro yake ji.

Likita ya ɗora abin saurarensa a ƙirjin mutumin yana zaune a miƙe, bai ji wani abin a zo a gani ba. Ya rubuta kalma ɗaya a takarda, ya ba shi ƙwayar kwantar da hankali, aka kira na gaba.

Yanzu, ina Bahaushen da zai ga laifinta? Tun muna goye muka san faɗuwar gaba. Amarya gabanta na faɗuwa, ɓarawo gabansa na faɗuwa, mai shiga gaban alƙali haka. Ba wanda ya taɓa jin an ce gaba ya faɗi ya duƙa neman inda ya faɗa. Ta juya maganar kamar yadda kowa zai juya ta, ta ci gaba da aikinta, ta manta da mutumin.

Wata huɗu suka wuce. Ran nan da yamma wanta Audi, wanda ya gaji sana'ar ubansu, ya dawo daga sayen shanu a Partago. Suna cin tuwo a tsakar gida sai ya fara dariya shi kaɗai.

Ya ce, "Ke, asibitin nan naku ba ku da kirki. Kun san abin da kuka yi wa Idi na Zugu?"

Ta ce, "Wane Idi? Idi nawa ke shigo mana a yini?"

"Mai kamun ƙaho mana. Takarda kuka ba shi. Shi kuma bawan Allah bai iya karatu ba, ya kai wa mushe, malamin lakwal, a tsakiyar kara, gaban dillalai, ya ce a karanta masa sunan ciwonsa. Mushe ya gyara tabarau ya ce, 'An rubuta nan cewa tsoro ke damunka.' Ai ranar ba a yi ciniki ba don dariya. Yanzu sunansa Idi Mai Takarda. In sa ya ƙwace sai su ce a rufe wa Idi ido kada ya gani."

Tambaya ba ta yi dariya ba. Audi ya ci gaba.

"Juma'ar da ta wuce ma ya faɗi a masallaci, ana cikin sujada. Aka ɗago shi baki ya karkace, hannun hagu ya saki. Kafin la'asar komai ya koma daidai. Wasu sun ce iska ce. Wasu sun ce tsoron ne ya girma."

Lomar da ke hannunta ba ta kai baki ba. Fuskar mutumin ba ta dawo mata ba, hannunsa ne ya dawo mata. Ranar da yake magana ya dunƙule hannu a tsakiyar ƙirji, ya sake shi ya sauko kamar ɗan taƙi, ya tsayar da shi cak. Ta gani da idonta. Mai tsoro dafe ƙirji yake yi da tafin hannu, ba ya nuna hanyar da abu ya bi. Ta juya abin da bakinsa ya faɗa, ta bar abin da hannunsa ya faɗa a ƙasa.

Ran Lahadi, ranar hutunta, ta shiga motar Zugu. A wannan zamani hanyar jar ƙasa ce, mutum ya tashi da hantsi ya sauka bayan azahar kamar wanda aka tono daga gini. Ta yi tambaya har aka nuna mata gidan. Ta same shi zaune a ƙarƙashin rumfa, ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Matarsa Amariya ta kawo mata ruwa, ta koma bakin ƙofar ɗaki ta tsaya.

Ya dube ta ya ce, "Ke ce ta asibiti."

"Ni ce."

"Wani sunan kika zo ki ƙara raɗa min?"

Ta ce, "Malam Idi, abin da ke cikin takardar nan ba likita ya ƙaga shi ba. Ni na faɗa masa. Hannunsa ne ya rubuta, amma bakina ne. Na zo in sake tambayarka. Me ke faɗuwa?"

"Ai na faɗa miki."

"Ka faɗa. Ni ce ban ji ba."

Ya gyara zama. Can ya ce, "Baiwar Allah, ina ɗan shekara goma sha biyar na fara riƙe ƙaho. Na san tsoro, tsohon abokina ne. Yana zuwa, in ka riƙe dabbar sai ya tafi. Wannan ba tsoro ba ne. Abu ne."

"Kamar me?"

"Kin san guga in ya kai ruwa a rijiya mai zurfi? Wannan tum ɗin da ake ji a igiya kafin a ji a kunne. In na kwanta ta dama, lafiya lau. In na juya hagu, ko na kai goshi ƙasa, sai in ji ya sauko ya toshe wani wuri. Numfashi ya tsaya. In na ɗago, sai ya koma."

Daga bakin ƙofa Amariya ta ce, "Ni ma na taɓa ji. In aka sa kunne a bayansa ana ji."

Idrisu ya ce, "Ke wa ya tambaye ki?"

Ta ce, "Ga Tambaya nan ta zo har gida."

Ita kuwa Tambaya hankalinta ya tafi wani wuri. 'Yar mahauci ce, tun tana ƙarama take wanke kayan ciki. Ta tsaga zuciyar shanu ba ta san adadi ba. Ta san ɗaki huɗu ne a ciki, ta san tsakanin ɗakin sama da na ƙasa akwai wasu 'yan ƙyamare masu laushi kamar fatar albasa, ɗaure da fararen zare. Abin da ke saukowa ya toshe, ya kuma koma, to a rataye yake. Me zai rataya a cikin zuciyar mutum yana raye?

Ta ce, "Ka biyo ni mu koma."

Ya ce, "Ba ni komawa. Na je sau ɗaya na dawo da suna. In na koma sai in dawo da kirari."

Ta tashi ta gyara zanenta. Ta ce, "To zauna. Amma ka sani, in ka mutu a haka, da wannan sunan za a binne ka. Za a ce tsoro ne ya kashe Idi, kuma ba mai ƙaryatawa, tunda akwai takarda."

Ran Laraba ya iso Paraku, shi da matarsa.

Ba ƙaramin abu ba ne mai shara ta tsaya gaban likita ta ce masa takardarsa ba daidai ba ce. An kori mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Tambaya ta jira aka shigo da Idrisu, ta fito daga bayan kafaɗar Lokotoro Dosu ta tsaya a gabansa, ta faɗa masa cikin Faransancinta na tsintuwa cewa ta yi kuskure wata huɗu da suka wuce. Mutumin nan bai ce yana jin tsoro ba. Ya ce wani abu yana faɗuwa a cikin ƙirjinsa.

Likita ya ce, "Na saurare shi. Babu komai."

Ta ce, "A zaune ka saurare shi, docteur. A zaune abin yana barci."

"Yaushe kika zama likita?"

"Ban zama ba. Ni bakinsa ce, bakin kuma ya faɗi abin da ba shi ne ba. Ka saurare shi yana salla. In ba ka ji komai ba, ga tsintsiyarku can."

Ban san abin da ya sa ya yarda ba. Wataƙila don bai taɓa jin ta yi magana da bakin kanta ba. Aka shimfiɗa tabarma a ƙasan ɗakin. Muna waje muka ga abin da ba mu taɓa gani ba: ga Idrisu ya fuskanci gabas, ga likita, Kirista ɗan kudu da farar rigarsa, yana binsa da abin saurare. Ya tsaya, likita ya saurara. Ya yi ruku'u, likita ya duƙa ya zura hannu ta ƙarƙashi. Ya kai goshi ƙasa, likita ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a gefensa. Mutanen layi suka taru a taga. Wata tsohuwa a kusa da ni ta ce, "Ikon Allah, lokotoro ya musulunta."

Ba a daɗe ba fuskar likita ta sauya. Na ga mutane sun firgita a rayuwata, amma ban taɓa ganin mai ilimi ya firgita da abin da ya sani ba sai ranar. Ya sa Idrisu ya ɗago, ya sa shi ya koma, ya kwantar da shi ta hagu, ya juya shi ta dama. Sannan ya cire abin daga kunnuwansa ya miƙa wa Tambaya. Shekara goma sha bakwai tana goge abin nan da auduga, ba ta taɓa sa shi a kunne ba. Ta sa. Daga baya ta faɗa mana abin da ta ji: bugu biyu irin na kowa, sannan na uku, mai nauyi, a makare, kamar baƙon da ya zo bayan an rufe ƙofa. Tum.

Likita ya sauko da wani ƙaton littafi daga kan kabad, ya hura ƙura, ya yi ta buɗawa. Ya ce da ita a makaranta rabin shafi aka koya musu a kan wannan, malaminsu ma ya ce su karanta don jarrabawa kawai, har su tsufa ba za su gamu da shi ba. Ƙari ne, tsiro mai 'yar wutsiya, da ke fitowa a bakin ƙyauren zuciya yana lilo da jini. In mutum ya juya wani gefe sai ya faɗa ƙofar ya toshe ta. Wani lokaci kuma ɗan guntunsa ya ɓalle ya bi jini har ƙwaƙwalwa, shi ne baki ya karkace, hannu ya saki. Ya ce shi ba zai iya rantsuwa ba, kunne ne kawai ya ba shi, hoton ƙirji ba ya nuna irin wannan. Sai an kai Idrisu Kutonu, daga can a wuce da shi Abijan, inda akwai na'urar da ke gani da sauti. In ta tabbata, sai an buɗe zuciyar an cire shi. In ba haka ba, wata rana abin zai faɗa ƙofar ya ƙi dawowa.

Tambaya ta juya musu wannan kalma bayan kalma, a hankali, tana duban hannun likita tana duban bakinsa. Da ta zo wajen buɗe zuciya sai Amariya ta ɗora hannu a ka.

Ta ce, "A buɗe zuciyar mutum yana da rai? Yaya Tambaya, ke 'yar mahauta ce. Yaushe ake buɗe zuciya in ba bayan yanka ba?"

Idrisu ya miƙe ya ɗauki hularsa. Ya ce shi bai ga komai ba, likita ma ya ce bai gani ba, ba zai ba da ƙirjinsa a tsaga a kan jita-jitar kunne ba.

Tambaya ta ce su ba ta minti talatin, su zauna a gindin maɗaci. Ta fita da sauri ta nufi kasuwa. Sai ga ta ta dawo da faranti a ka, Audi yana biye da ita da wuƙa yana mita an raba shi da ciniki. A cikin farantin zuciyar bijimi ce, ta safiyar ranar. Ta durƙusa a gabansu, daidai kusa da tirena na goro, ta karɓi wuƙar ta yanke saman zuciyar. Ta nuna musu ɗakin sama, ta nuna musu ramin da ke sauka ɗakin ƙasa, ta ɗaga 'yan ƙyamaren da bakin wuƙa. Sannan ta yanko kitse kamar girman dabino, ta zare zare daga gefen zanenta, ta ɗaure shi a bakin ƙyauren.

Ta ce da Amariya, "Zuba ruwa."

Amariya ta karkata buta. Ruwa ya bi ta ramin ya zube ƙasa, kitsen yana kwance a gefe.

Tambaya ta ce, "Ga shi a tsaye." Ta karkata zuciyar gaba. "Ga shi a sujada."

Kitsen ya mirgino ya faɗa ramin. Ruwa ya tsaya, ya taru, ya cika, ya fara malala ta baki a kan yatsunta.

Mun fi mutum talatin a wurin muna kallo. Ni dai na ji hannuna ya tafi ƙirjina ba da sanina ba. Shekara hamsin ina yawo da abu mai ɗakuna da ƙofofi a cikina, ina cewa zuciyata ta yi fari, zuciyata ta yi baƙi, ban taɓa tunanin gida ce da ake iya toshe wa ƙofa ba. Idrisu ya durƙusa. Ya sa yatsa ya ɗaga kitsen, ruwan ya wuce. Ya saki, ruwan ya tsaya. Ya yi haka sau uku.

Ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne." Ya dubi Audi ya ce, "Kai mahauci, in ka ga irin wannan a zuciyar bijimi, me kake yi?"

Audi ya ce, "Yankewa nake in jefa wa kare."

Idrisu ya ce, "To a yanke."

Ba nan da nan aka tafi ba. Takardun fitar da majiyyaci waje sai da suka yi wata uku suna yawo daga ofis zuwa ofis. Dillalan Partago, waɗanda suka raɗa masa suna, su ne da labarin zuciyar bijimi ya kai musu suka ɗauki nauyin tafiyar, kunya ta ishe su. A cikin wannan jira abin ya sake buge shi, yana alwala. Baki ya dawo, amma yatsu uku na hannun hagu ba su dawo ba. A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka sa shi a jirgin ƙasa a tashar Paraku. Tambaya ta raka su har cikin tarago tana maimaita wa Amariya kalmomin Faransanci huɗu da za ta buƙata a hanya.

A Abijan na'urar ta nuna shi, yana lilo a bakin ƙyaure, daidai inda Tambaya ta ɗaura kitse. Aka buɗe, aka cire. Amariya ta gan shi a cikin kwalba. Ta ce a waje kamar dunƙulen majina yake, amma da aka sa shi cikin ruwa sai ya buɗe, ya baje 'yan gashi masu laushi kamar gemun masara, yana motsi in an girgiza kwalbar. Ta ce likitoci sun yi layi suna kallonsa kamar yadda mu muke layi muna jiransu. Na roƙe ta ta siffanta min shi ya fi sau goma. Har yau ina mamakin yadda abu mai kama da fure zai tsiro a wurin da rana ba ta taɓa leƙawa ba, ya zauna yana jiran ranar da zai kashe mai ɗauke da shi.

Idrisu ya dawo da ƙafafunsa. An ce ranar kasuwar farko ya tsaya a tsakiyar karar Partago ya buɗe riga, ɗinki tun daga maƙogwaro har cibiya, ya tambaya ko akwai mai son karanta wannan takardar. Kamun ƙaho dai ya ƙare, ba a yinsa da yatsu bakwai. Dillanci yake yi yanzu, yana nan da ransa, ya aurar da 'ya'ya. Duk wanda ya yi wa Tambaya barka a lokacin, amsarta ɗaya ce: "Yatsun nan uku ni na ci su. Wata huɗu na ɓatar masa." Daga ranar kuma ba ta sake juya maganar majiyyaci ba sai ta ce masa, "Nuna min da hannunka."

Bayan dawowarsa da mako biyu ya zo asibiti yin godiya. Ya ƙi zama. Ya tsaya a gaban Lokotoro Dosu, Tambaya tana wurinta a bayan kafaɗa, ni kuma na matso taga.

Ya ce, "Ki ce masa na gode. Ya durƙusa a ƙasa saboda ni, Allah ya ɗaga shi. Ki ce masa kuma akwai wata mata a bayansa da ta shiga mota ta zo har Zugu don kawai ta ce min ta yi kuskure. Shekarata arba'in da biyu ina cikin kasuwa, na ga masu tafiyar yini don su faɗi laifin wani, ban taɓa ganin mai tafiyar yini don ya faɗi nasa ba. Ba don ita ba da ciyawa ta fito a kaina tun bara. Ki faɗa masa haka. Kuma wannan karon ki juya daidai."

Aji uku na yi a lakwal, amma ya ishe ni in gane abin da ta faɗa. Ta ce, "Il dit merci, docteur. Beaucoup." Wato ya ce ya gode ƙwarai.

Likita ya ce, "Duk doguwar maganar nan?"

Ta ce, "Hausa tana da tsawo, docteur."

Ta leƙa ƙofa ta kira na gaba. Shekara biyu bayan haka aka mai da likitan kudu, bai taɓa jin sauran ba.

Ke ce, Tambaya 'yar Jatau, baki ɗaya harshe biyar. Ke ce kika tsaya shekara talatin a bayan kafaɗar wasu, aka yi ta gode musu ta bakinki. A wajen bikin sallamarki an ba ki turmin atamfa da takardar yabo da ta ce kin tsabtace asibiti da kyau. Gaskiya ne, kin tsabtace. Amma mu da muka zauna a ƙofar nan mun san mutum nawa suka shiga ba mai jin su, suka fito an ji su. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutun da ƙafafunki suka daɗe suna nema, ya sa ranar da za ki yi bayani a gabansa ki sami mai sauƙaƙa miki.

Ku kuma da kuke tsaye tsakanin mai ciwo da mai magani, ko tsakanin talaka da mai ofis, ku duba wannan mata. Kuskure ba wanda ya fi ƙarfinsa. Abin da ya yi wuya shi ne mutum ya ji labarin kuskurensa ana dariya a kan tuwo, ba wanda ya san nasa ne, ya ajiye lomar ya tashi ya bi shi har inda ya faɗa.

Maganar Idrisu da ta tsallake ran nan, ga ta nan na mai da ita wurinta, ban rage komai ba. Duk wanda zai je Ganu ya karanta mata wannan, ina roƙonsa abu ɗaya. Za ta ce ya isa tun kafin a kai rabi. Kada ya saurare ta, ya karanta har ƙarshe.